Me ya sa wasan yaƙi na ƙananan sojoji yake da tsada, kuma ta wace ƙofa sabon shiga zai bi?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya kamar haka: "Na daɗe ina kallon bidiyon masu wasan yaƙi na kan tebur, irin wanda ake jera ƙananan sojojin da aka yi wa fenti, ana gwabzawa da dayis da tef ɗin awo. Abin ya shiga raina. Amma da na duba farashin Warhammer sai gabana ya faɗi. Me ya sa 'yan sojojin filastik za su yi wannan tsada? Kuma akwai hanyar da mai ƙaramin ƙarfi zai shiga ba tare da ya yi wa aljihunsa illa ba?"

Ɗan'uwa, sannu da zuwa. Ba ka yi kuskuren lissafi ba, abin da tsada, kuma faɗuwar gaban nan ta sami kusan duk wanda ya taɓa leƙa harkar. Na shafe shekaru ina haɗa waɗannan sojoji, ina yi musu fenti, ina kuma zaunar da sababbin shiga a gaban tebur don wasansu na farko. Abin da na gani shi ne, kuɗin kwali ido yake fara cin karo da shi, amma akwai abubuwan da suka fi shi korar mutane. Bari dai mu fara da kuɗin tunda shi ka tambaya.

Filastik ɗin da ke cikin kwalin ba wani abin kirki ba ne a kuɗi. Abin da ke cin dukiya shi ne mazubin, wato abin da aka sassaƙa siffar sojan a cikinsa. Hanyoyin zubi biyu ne suka fi shahara. Ta da, wadda ƙananan kamfanoni suke bi har gobe, ita ce a yi mazubi da roba mai jure zafi, faifai biyu masu haɗuwa, a ɗora a injin da ke juya shi da gudu, a tsiyaya narkakken ƙarfe ta tsakiya, juyin ya watsa shi cikin kowane rami. Irin wannan mazubi ba shi da tsada, mutum ɗaya a ɗan ɗakin aiki zai iya yin sa, sai dai yana gajiya da wuri, kuma kowane soja da ya fito ya ci ƙarfe ya ci hannun ma'aikaci. Da can da dalma ake zubin. A shekarun 1990 aka koma gaurayen ƙarfe mai yawan kuza saboda illar dalma ga lafiya, ita kuwa kuza farashinta hawa da sauka yake yi a kasuwar duniya.

Hanya ta biyu ita ce ta filastik mai tauri. A nan ana sassaƙa mazubin ne a jikin ƙarfe mai nauyi, da injin da kwamfuta ke sarrafawa, kuma mazubi ɗaya kan ci dubban fam, wato kuɗin Birtaniya. Amma da zarar an gama shi, shi ke nan, inji zai yi ta tura narkakken filastik yana fitar da firam bayan firam, wato zangarniyar filastik da gutsattsarin sojoji ke manne a jiki, cikin daƙiƙu, shekara da shekaru, kowane ɗaya a kan kuɗi kaɗan. Wato a zubin ƙarfe farawa ce mai sauƙi, ci gaba mai tsada. A zubin filastik kuwa farawar ce ke karya baya, ci gaban kusan kyauta.

Idan ka riƙe wannan, za ka gane wani abu da ke ɗaure wa sababbi kai. Kwalin sojojin ƙasa goma na Space Marines, ɗaya daga rundunonin Warhammer, a shekarun nan yana kusan fam 40. Kwamanda guda ɗaya tilo kuwa, wanda filastik ɗinsa bai kai rubu'in na wancan kwalin ba, sai ka ga ya haura fam 20. Dalilin shi ne mai runduna zai sayi kwalin sojojin ƙasa biyu ko uku, amma kwamandan nan ɗaya yake buƙata har ya daina wasan. Kuɗin mazubinsa da na mai sassaƙa shi a kan masu saye kaɗan za a raba.

To amma kada in yaudare ka, wannan bayani bai cika ba. Akwai wasu tagwaye, Alan da Michael Perry, waɗanda suka yi shekaru fiye da 30 suna sassaƙa wa Games Workshop, kamfanin da ke yin Warhammer, sojoji. Suna da kamfaninsu, Perry Miniatures, mai yin sojojin tarihi irin na yaƙe-yaƙen Napoleon da yaƙin basasar Amurka. Kwalinsu na filastik mai tauri yakan ɗauki sojoji kusan 40, kuma farashinsa bai cika wuce fam 20 da 'yan kai ba. Zubi iri ɗaya, ƙasa ɗaya, girman soja kusan ɗaya, milimita 28 zuwa 32. A kwalin Warhammer soja ɗaya ya tashi a kan wajen fam 4, a na Perry bai kai fam ɗaya ba. Gaskiya ne kwalin Warhammer ya fi yawan gutsattsari da zaɓin makamai da ado, amma bambancin bai kai ninki shida ko bakwai ba. Saboda haka akwai wani abu bayan kuɗin mazubi.

Abin nan shi ne matsayin kamfanin a kasuwa. An kafa Games Workshop a Landan a 1975, mutum uku suka kafa shi: John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson. Ya fitar da Warhammer a 1983, sai Warhammer 40,000 a 1987. Ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan a 1994, kuma a Disambar 2024 ya shiga sahun manyan kamfanoni 100 na kasuwar, wato FTSE 100. A shekarar kuɗin da ta ƙare a Yunin 2024 cinikinsa ya haura fam miliyan 500, ribar kafin haraji ta haura fam miliyan 200. Dubi wannan lissafi da kyau: a kowane fam biyar da suka shigo, kusan biyu riba ce. Kamfanin da ke sayar da kaya a kan abin da ya kashe da ɗan ƙari ba ya samun irin wannan. Wannan farashin mai kaya ne da ya san masu sayensa ba za su tafi wani wuri ba.

Ban ce ba sa kashe kuɗi ba. Hedikwatarsu da masana'antarsu suna Nottingham, a can suke zuba sojojinsu maimakon su kai aikin inda ƙwadago ya fi araha. Suna biyan masu sassaƙa da masu zane da marubutan labari da masu tsara dokoki, suna kuma riƙe da shaguna fiye da 500 a duniya, da yawansu ma'aikaci ɗaya ne a ciki, kuma a shagunan nan ake koya wa sabo wasa da fenti kyauta. Ingancin zubinsu ma ba abin musu ba ne. Duk wanda ya taɓa haɗa kwalinsu na zamani ya ga yadda gutsattsarin ke shiga juna ba rami ba gyara, zai shaida. Ni dai ra'ayina shi ne kaya ne masu kyau da ake sayarwa a kan iyakar abin da tsohon ɗan wasa zai iya jurewa, kuma kusan kowace shekara ana ƙara wani abu a kai. Tsohon ɗan wasa yana da rundunarsa, kwali ɗaya ko biyu yake ƙarawa, ƙarin bai cika yi masa ciwo ba. Sabon shiga ne zai sayi komai a lokaci ɗaya, shi ke ɗaukar nauyin gaba ɗaya.

Me ya hana mutane su bar su? Abu biyu. Na farko duniyar labarin: shekaru kusan 40 ana gina ta da littattafai da wasannin kwamfuta da zane-zane, mutum yakan ƙaunaci wata runduna tun kafin ya taɓa dayis. Kuma kamfanin yana tsaron wannan dukiya da gaske. Ya kai wani ƙaramin kamfanin Amurka, Chapterhouse Studios, kotu a kan gutsattsarin da yake yi masu dacewa da sojojinsa, aka yanke hukunci a 2013, kowane ɓangare ya ci wasu batutuwa ya faɗi wasu. Bayan nan aka ga sunayen runduna suna canzawa zuwa waɗanda za a iya mallaka a doka, misali Imperial Guard ta koma Astra Militarum. Abu na biyu, wanda ya fi ƙarfi, shi ne abokin wasa. Wannan ba wasan mutum ɗaya ba ne. Idan ka shiga kulob ka tarar tebur takwas cikin goma Warhammer 40,000 ake bugawa, to wasa mai araha da babu wanda ya san shi ba zai amfane ka ba, sai dai ka ajiye a kanta kana kallo. Kowa yana saye ne saboda kowa yana saye, farashin kuma a kan wannan ya tsaya.

Wanda ke nesa da Birtaniya yana da ƙarin nauyi. Farashin ƙasashe ba canjin kuɗi kawai ake bi wajen sa shi ba, 'yan Ostiraliya da New Zealand sun daɗe suna kukan cewa nasu ya fi na kowa. Inda babu shago kuma, kuɗin aikawa da na kwastan sukan hau kan kuɗin kwali.

Yanzu mu zo kan abin da ba a rubuta a jikin kwali ba. Ka saya, ka buɗe, ba soja za ka gani ba. Firam-firam za ka gani masu launin toka, ga ƙafa a nan, ga hannu a can, ga kai a wani lungu. Kana buƙatar ɗan filaya na yanke su, da 'yar wuƙa mai kaifi, da gam na filastik, da fentin shimfiɗa, da fenti kala shida ko takwas, da buroshi biyu. Kana buƙatar dayis masu yawa da tef mai inci. Sai littafin dokokin rundunarka, wanda shi ma yakan haura fam 30. Sai fili: wasan Warhammer 40,000 na maki 2,000 (kowane rukunin sojoji yana da makinsa a dokoki, jimillarsu ce girman runduna), wanda shi ne ma'aunin gasa, ana buga shi a kan inci 44 da 60, kuma dole a cika shi da kangaye da katangu, in ba haka ba mai makaman dogon zango zai share abokin karawarsa tun a zagayen farko. Ita kanta rundunar maki 2,000, a sabon farashi, ɗaruruwan fam ce, yawan ya danganta da wacce ka zaɓa. Runduna mai jarumai kaɗan masu tsadar maki ta fi sauƙi a aljihu fiye da mai tururuwar sojoji.

Akwai kuma batun bugu, wato sabunta littafin dokokin wasan. Bugu na 8 na Warhammer 40,000 ya fito a 2017, na 9 a 2020, na 10 a 2023. Ka ga duk shekara uku ke nan. Sojojinka ba sa lalacewa, amma littafin da ka saya ya zama na tarihi. A tsakani ana gyara maki, kuma duk lokacin da aka rage makin sojojinka, kana buƙatar ƙarin sojoji kafin ka cika 2,000. Wasu tsofaffin siffofi akan mayar da su rukunin da ake kira Legends, wanda galibin gasa ba sa karɓa. A 2015 ma an rufe tsohon Warhammer Fantasy gaba ɗaya aka kawo Age of Sigmar a madadinsa, sai a 2024 aka dawo da tsohuwar duniyar da sunan The Old World. A yi musu adalci, a bugu na 10 sun saki ainihin dokokin wasan kyauta a intanet, wannan ya rage wa sabo wani nauyi. Amma ka sani cewa shiga babban wasa kamar ɗaukar haya ne, biya ba ya ƙarewa.

Duk da haka, a cikin mutanen da na ga sun fara sun daina, waɗanda kuɗi ya kora ba su kai waɗanda lokaci ya kora ba. Bari in nuna maka soja ɗaya a hannu. Za ka yanke gutsattsarinsa, wajen bakwai ko takwas. A jikin kowanne akwai wani siririn layi inda bakin mazubi biyu suka haɗu, sai ka karkata wuƙa ka kankare shi a hankali, a gefen ƙafa, a saman hular kwano, a bakin bindiga, don idan ka bar shi fenti zai fito da shi fili. Ka ɗiga gam, ka riƙe hannun a kafaɗa kana ƙirga daƙiƙu har ya kama. Ka fesa fentin shimfiɗa ka jira ya bushe. Sai ka ɗebo fenti a bakin buroshi, ka sirka shi da ɗigon ruwa, ka shafa, ka ga bai rufe ba, zuciyarka ta ce ka ƙara kauri. Kada ka ƙara, fenti mai kauri yana cike idon soja da maɓallan rigarsa. Ka bari ya bushe ka sake shafawa. Bayan launuka sun zauna sai ka kawo fentin inuwa mai ruwa-ruwa, ka shafe jikin duka, ka ga yana gangarawa da kansa cikin kowace tsaga, tsakanin yatsu, ƙarƙashin ɗamara. A wannan lokacin ne abin da yake guntun filastik yake zama mutum a gabanka. Wannan daɗi ne da ban san irinsa ba a wani wasa. Amma ka duba agogo: sabon hannu ya cinye awa ɗaya, wataƙila biyu, a kan soja ɗaya. Idan rundunarka tana da 60, yi lissafi da kanka.

Ni ma a nan na fara tuntuɓe. Da na shiga, ɗoki ya sa na sayi babban kwali da ƙarin wasu uku a wata ɗaya, don ina so in cika runduna in fita wasa. Na haɗa su duka a mako biyu, na jera su a tebur, toka-toka. Na yi wa biyar fenti, na dubi sauran, jikina ya mutu. Watanni suka wuce ban taɓa buroshi ba, kuma ban buga wasa ko ɗaya ba, domin kunya nake ji in kai runduna ba fenti. Kuɗin da na kashe ba su suka dame ni ba, abin da ya dame ni shi ne duk lokacin da na wuce ta gaban tebur ɗin sai in ji kamar bashi ne a kaina. Wani dattijo a kulob ne ya cece ni. Ya ce in kwashe su duka in mayar cikin kwali, in bar goma kawai a waje, in zo da su ranar wasa. Da goman nan na buga wasana na farko.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce: akwai hanya, har hanyoyi, kuma duk sun fara ne da ƙin shiga ta babbar ƙofa. Abin da kake gani a bidiyo, tebur cike da tankoki da sojoji da gine-gine, aikin shekaru ne na mutum biyu ko fiye. Ba daga nan suka fara ba. Shi kansa Warhammer 40,000 na 1987 wasan 'yan tsirarun sojoji ne, har da alƙali mai tsara labarin fafatawar.

Kafin ka kashe ko fam ɗaya, nemi abokin wasa. Idan akwai kulob ko shagon wasanni kusa da kai, je ka ga abin da ake bugawa, ka ce kai sabo ne kana so a gwada maka. A wannan harka da wuya ka rasa wanda zai ara maka runduna na awa biyu, domin kowa yana neman ƙarin abokin karawa. Idan babu kulob, ka sami aboki ɗaya da abin ya burge shi, ku raba kwalin farawa mai runduna biyu. A nan ma kuna da 'yanci, tunda ku biyu ne ba wanda zai tilasta muku wasan da jama'a ke yi.

Idan zuciyarka ta kafe a kan Warhammer, shiga ta ƙaramin wasansu. Kill Team ana buga shi da sojoji kusan goma a kowane ɓangare, a kan fili mai inci 22 da 30, kwali ɗaya yakan isa. Combat Patrol kwali ɗaya ne na wajen fam 100 da aka tsara a buga shi yadda ya zo, kuma daga baya zai zama harsashin babbar runduna. A Age of Sigmar makamancinsa shi ne Spearhead, wanda ya fito a 2024. Ka kuma sani cewa shaguna masu zaman kansu sukan rage kashi 10 zuwa 20 cikin 100 daga farashin kamfani. Kayan aiki kuwa ba dole sai masu tambarin kamfanin wasa ba, filaya filaya ce, wuƙa wuƙa ce, kuma fentin Vallejo ko Army Painter yana kama jikin kowane soja. Ga sabon hannu, fentin nan mai shafi ɗaya irin Contrast, da ya fito a 2019, da makamantansa na wasu kamfanoni, sun rage aikin ƙwarai: shimfiɗa mai haske, shafi ɗaya, launi da inuwa su fito tare.

Kasuwar na hannu ita ma babbar ƙofa ce, kuma abin da ke cika ta shi ne irin kuskuren da na ba ka labari. Mutane suna sayar da runduna rabi a haɗe, rabi a kwali, a kan ƙasa da abin da suka saya. Ko an yi musu mummunan fenti kada ka guje su. Jiƙa sojan filastik a sinadarin isopropyl, ka goge da tsohon buroshin haƙori, fentin zai fita. Amma kada ka kuskura ka sa shi a asiton, narkar da filastik yake yi. Abin dubawa kafin ka biya shi ne ko siffar tana cikin dokokin yanzu.

Idan kuwa abin da ya burge ka shi ne wasan kansa, jera runduna da dabara da jefa dayis, ba lallai wannan duniyar labarin ba, to fili a buɗe yake. A asali ma dokoki daban suke, sojoji daban. Lokacin da H. G. Wells ya wallafa Little Wars a 1913, da sojojin wasan yara na kanti ake bugawa, da 'yar igwa mai harba guntun katako. Wannan al'ada ba ta mutu ba. Frostgrave, wanda maɗaba'ar Osprey ta fitar a 2015, littafi ɗaya ne da mutum goma a kowane ɓangare, kuma kowane irin soja ka kawo an karɓa. One Page Rules dokoki ne na kyauta a intanet, gajeru, an tsara su yadda za ka buga da duk abin da kake da shi. BattleTech, wanda ya faro tun 1984, ana iya buga shi da injinan yaƙi huɗu a kan taswirar takarda, kuma ainihin dokokinsa ba su canza sosai ba a duk shekarun nan. Infinity na kamfanin Corvus Belli a Sifaniya dokokinsa kyauta ne, sojojinsa kaɗan, sai dai koyonsa da wuya kuma yana cin kayan fili.

Wasannin tarihi su na fi ba mai ƙaramin ƙarfi shawara a kai, kuma dalilina ɗaya ne: ba wanda ya mallaki sojan Rum ko na Napoleon. Kamfanoni da yawa suna yin su, Perry da Victrix da Warlord Games da Wargames Atlantic, gasa ta sa farashi ya sauka. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a a Nottingham ma daga Games Workshop suka fito, kamar waɗanda suka kafa Warlord a 2007, kuma Rick Priestley da ya rubuta Warhammer 40,000 na farko yana cikin marubutan Bolt Action, wasansu na Yaƙin Duniya na Biyu. Sojan tarihi ba ya tsufa. Idan dokokin da kake bi suka mutu, ka ɗauki wasu ka ci gaba da sojojinka. Kukan tsada da yawan aiki ma ba sabo ba ne a wannan ɓangare. Tun a 1990 aka fitar da De Bellis Antiquitatis, inda kowace runduna rukuni 12 ce kacal, a kan ƙaramin fili, wasa ya ƙare cikin awa ɗaya.

Wannan batu na mutuwar wasa ka riƙe shi da kyau lokacin zaɓe, domin araha ba ta isa dalili ba. X-Wing ya fito a 2012 da jiragen da aka riga aka yi wa fenti, ba haɗawa ba shafawa, ya jawo mutane da yawa da ba su taɓa shiga harkar ba. A 2024 aka sanar da daina ƙirƙira masa sababbin kaya. Guild Ball ma an rufe shi a 2020. Wasan da siffofinsa ba sa shiga wani wasa, idan kamfani ya janye hannu, masu bugawa sukan watse sannu a hankali. Wani ɓangare na kuɗin da mutane ke ba Games Workshop kuɗin kwanciyar hankali ne, cewa bayan shekara goma za su sami wanda za su kara da shi.

Za ka ji ana ce maka ka sayi firinta ta 3D kawai ka huta. Gaskiya ne ta canza harkar. Masu sassaƙa a kwamfuta suna sayar da fayil ta shafukan intanet irin su Patreon da MyMiniFactory, kuɗin firintar rezin, wato mai aiki da ruwan roba mai daskarewa, bai kai na cikakkiyar babbar runduna ba, kuma soja ɗaya yakan tashi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma ban ba sabon shiga shawarar ya fara da ita ba. Sana'a ce ta daban da sai an koya. Ruwan rezin yana cutar da fata da numfashi, dole safar hannu da ɗaki mai iska, dole a wanke abin da aka buga a sinadari, a gasa shi da hasken UV, kuma bugun farko-farko yakan lalace. Shagunan Games Workshop da gasanninsu ba sa karɓar siffofin da ba nasu ba, gasannin masu zaman kansu kuwa kowa da dokarsa. Kwafin siffar wani kamfani kai tsaye kuma satar fasaha ce, ka nisance ta, akwai masu sassaƙa na kansu da yawa da suka cancanci kuɗinka. Idan kana son gwadawa, akwai masu lasisin bugawa suna sayarwa, ka sayi goma a wurinsu ka ga ingancin.

Kayan fili kada ka saye su da farko. Kwalin takarda mai kauri da aka yanka aka yi masa fentin toka kango ne, littattafai a ƙarƙashin koren mayafi tudu ne. Dokoki ba su damu da kyan katanga ba, tsawonta da faɗinta suke aunawa.

Ga yadda zan tsara maka da a gabana kake. Ka buga wasa ɗaya da aron runduna. Ka sayi kwali ɗaya na mutum goma ko kusa da haka, da filaya da wuƙa da gam da fentin shimfiɗa da launi biyar ko shida da fentin inuwa ɗaya da buroshi biyu. Kada ka sayi kwali na biyu sai goman nan sun sha fenti kuma ka buga wasa uku da su. A lokacin za ka san wane irin ɗan wasa ne kai. Idan ka ga fentin ka fi so, ba ka buƙatar runduna ko littafi, sai ka riƙa sayen siffa ɗaya da ta burge ka kana ba ta makonni, kuma wannan ita ce hanya mafi araha a harkar duka. Idan wasan ka fi so, fentin ya zame maka aiki, ka tsaya a kan ƙananan wasanni da fenti mai shafi ɗaya, ko ka sayi na hannu da aka riga aka shafa. Idan kuma duka biyun suka kama ka, sai ka duba abin da abokan wasanka ke bugawa, ka fara ƙara kwali ɗaya duk lokacin da na baya ya ƙare, daga maki 500 zuwa 1,000, kana bugawa a kowane mataki.